Dalmar da Na Zuba a Motar Mushe Abdu

Ku ƴaƴana, kun taso kun iske magana guda a gidanmu game da yayana, Babanku Ilu: wai gaggawa ce ta ci masa hannu. Kun ji ta a bakin kakarku, kun ji ta a bakin uwarku, ni ma kun ji ta a bakina ba sau ɗaya ba. Wannan magana ƙarya ce, kuma ni na ƙera ta. Ban yi karatun lakkol mai zurfi ba, don haka kada ku nemi daɗin rubutu a nan. Abin da ya faru kawai zan jera muku, tun ina da sauran hankalin jerawa.

A shekarar da nake faɗa, gida ɗaya muke a Yantala: Inna, da Yaya Ilu da matarsa Fati, da ni da uwarku Rabi. Ni ina da garajina a bakin unguwa, rumfar kwano ce da rami ɗaya, amma sunana ya fara fita a Yamai wajen gyaran moter, wato injin mota. Shi kuwa Yaya shofer ne na Mushe Abdu, wani dattijo mutumin Tawa da ya yi aikin biro, wato ofis, har ya huta. Mushe ɗin kiran girmamawa ne da muka aro daga Faransanci. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa shi, ko kaza bai taɓa takawa ba. Mutum ne mai sanyin jiki. In zai ci tuwo sai ya gyara zama, in zai tada mota sai ya zagaya ta tukuna yana duba ƙafafu. Wannan shi ne mutumin da na bari aka laƙaba wa gaggawa.

Mushe Abdu ya samo motar ne a wani ɗakin ajiya a Gaweye, kusa da kogi, inda wani Bature ɗan kasuwa ya bar ta ya tafi ƙasarsu bai dawo ba. Tun kafin yaƙin Turawa na biyu aka ƙera ta. Baƙa ce, hancinta kaɗai ya kai tsawon gadon kwana, kujerunta na fata, gabanta na katako mai sheƙi, kaji sun yi shekaru suna ƙwai a cikinta. Mushe ya ce yana yaro ya taɓa ganin irinta a Tawa, ya bi ta da gudu har ya faɗi ya fasa gwiwa, tun ran nan kuma ba ta fita ransa ba. Masu gyara uku suka duba ta suka ce a sayar wa maƙera. Yaya ne ya buɗe baki ya ce,

"Mushe, ƙanena Mamman zai tashe ta. In bai iya ba, ka riƙe ni."

Wata bakwai na yi a kanta, kuma ba zan ɓoye ba, aikin nan ya fi kowane aiki da hannuna ya taɓa yi. Amma akwai wuri guda da ya kamata ku gane. A cikin moter akwai hannuwan ƙarfe da muke ce wa biyel, su ke juya sandar da ke tura mota. Inda kowace biyel ta rungumi sandar akwai shimfiɗar wani farin ƙarfe mai laushi, kusine, wanda ke hana ƙarfe cin ƙarfe. A motocin yanzu sai ka je kanti ka sayo kusine ka ɗora. A irin waccan tsohuwar, narka ƙarfen ake yi a zuba, in ya huce a bi shi da hannu ana kankarewa har ya zauna daidai. Ƙarfen kuma babu shi a Yamai. Mushe ya yi aike Turai, ya biyo ta Kutunu, sai bayan wata uku ya iso. Biyel takwas ne. Na zuba shida lafiya lau. A ta bakwai ina hira, ina nuna wa mutane gwaninta, tukunyar ta kuɓuce mini, narkakken ƙarfe ya tsiyaye cikin rairayi da baƙin mai. Abin da na tsince bai isa biyu ba.

Hanyar gaskiya a fili take: in je in gaya wa Mushe, a sake aike, a jira wata uku. Amma na riga na cika baki a fadarmu ta shayi cewa a cikinta Mushe zai je idin layya, saura kwana ashirin. Akwai wani mai gyara, Garba Dogo, cikin ukun da suka ƙi motar, wanda kullum in ya gan ni sai ya tsokane ni da garin asalinmu ya ce,

"Badamagare, yaya gawarka? Ran da ta tashi ni zan ajiye kayan aiki in koma sayar da goro."

Dariyar Garba Dogo na ji tsoro, ba Allah ba. Na fasa tsohon batir na kamiyo, babbar motar kaya, na ciro dalmar ciki, na narka, na gauraya da ragowar farin ƙarfen har ya isa. Na san abin da nake yi. Duk wanda ya taɓa gyara ya san dalma in ta ji zafi sakin jiki take. Amma na ce wa raina: motar tsoho ce, daga gida sai masallacin Juma'a, sai ɗaurin aure, tafiyar da jaki ma zai wuce ta. A haka za ta shekara ashirin ba wanda ya sani.

Ran idi ta tashi. Mutane suka bar kallon raguna suka koma kallonta. Yaya a gaba da farar hula, Mushe a baya yana ɗaga hannu kamar gwamna, moter kuwa ba ka jin komai sai numfashi. Garba Dogo ya zo har garaji ya ba ni hannu. Washegari, ranar rabon nama, Mushe ya aiko a kira mu ni da Yaya. Muka iske shi a zaure da madubin ido da wani ɗan littafi da ya yi ja don tsufa, wanda ya tsinta a aljihun motar.

"Bon, Malam Mamman, zauna ka ji abin da ka gyara. Nan an rubuta, a ƙasarsu ba sa sayar da irin wannan sai sun jarraba ta. Fili suke da shi mai zagaye, su sa ta ciki, su taka wuta har ƙasa, yini da kwana, shofer ya gaji a canza wani, ita ba a kashe ta. In ta fito lafiya sannan su ce mota ce."

Na ce, "Ikon Allah."

"Ni ba ni da fili mai zagaye, amma ina da hanyar Doso. Lahadi mai zuwa, Ilu ya kai ta Doso ya dawo, ya sake komawa ya dawo, ƙafa a ƙasa, ba kashe moter. In ta ci wannan, da ita zan tafi Tawa in nuna wa ƴan'uwana."

"Mushe, ai tsohuwa ce. A bi ta a hankali."

"Tsohuwa? Ba kai ka ce mini da bakinka ta koma sabuwa ba?"

Yaya ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Kunya ce ke damunsa, Mushe. Aikin Mamman ko Agadas ka ce, mu tafi."

Kwana shida ke tsakani. Ina so ku riƙe wannan, don kada wani ya ce muku abin ya zo mini ba shiri. Kwana shida Allah ya ba ni, kowace safiya da hanyar gidan Mushe a buɗe. Sau biyu na kai ƙofar gidan. Na farko na iske baƙi, na ce ba a gaban mutane ba. Na biyu na iske shi shi kaɗai yana shafa fitilar motar da gefen rigarsa, na gaishe shi, na tambayi lafiyar iyali, na juyo. Na koma neman dabara. Na zuba mata mai mafi kauri. Na ce wa Mushe zafi ya yi yawa, a bari sai damina, ya ce ai zafin yake so ta gani. Har na yi tunanin in ɓata wani ƙaramin abu don ta ƙi tashi ran Lahadi, sai na tuna za a ce aikin Mamman ya kasa, na fasa. Kun ga, ko a nan sunana na zaɓa.

A gida ana ta suyar naman layya, ni ko tsoka ɗaya ban ci ba. Uwarku ta lura. Ta same ni a bayan ɗaki na zauna na zuba wa bango ido.

"Malam, hantar da na aje maka tun jiya tana nan. Ko ragon bana ya yi maka laifi?"

"Ciki ne."

"Ciki ne ke sa mutum magana shi kaɗai? Ɗazu na ji ka ce bakwai da takwas, bakwai da takwas. Mene ne bakwai da takwas?"

Na daka mata tsawa na ce ta bar shiga aikin maza. Allah ya ji ƙanta, ta koma kan suyarta. Inna kuwa daga kan tabarmarta ta ce,

"Ƙyale mini auta, gajiya ce. Wata bakwai yana ƙarƙashin ƙarfe, wancan kuwa sai dai ya ɗora hula ya zauna a kan kujerar fata."

Wancan, Yaya ke nan. Ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa yabonsa a gaban mutane ba, kamar yadda aka saba.

Ran Asabar da safe na iske Yaya yana wanke motar. Na tsaya kusa da shi ina murza tsumma. Wallahi da niyyar faɗa na zo. Abin da ya fito daga bakina shi ne,

"Yaya, gobe kada ka matsa mata sosai. Ka riƙa ragewa."

"Mushe zai biyo mu a baya da agogo a hannu, ka ce in rage? Akwai abin da ba ka yarda da shi ba ne a ciki?"

Ya bar wankin ya dube ni. Tambaya ce a miƙe, amsarta kalma ɗaya. Na ce,

"Babu. Tsufanta kawai nake ji."

"To, bar tsoro. Kai ka yi naka, saura nawa."

Lahadi bayan sallar asuba muka tashi. Na ce zan zauna gaba kusa da shi don in riƙa duba agogon mai, wanda ke nuna ko mai na zagaya moter da ƙarfi. Mushe da wani amininsa suka biyo mu a wata mota. Muna fita gari Yaya ya yi bisimilla ya taka. Ban taɓa jin abu kamar wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Motar ta kwanta a kan gudron, kwaltar hanya, itatuwa suka koma kamar ana yaɗa su baya, allurar gudu ta wuce ɗari tana ci gaba, moter kuwa sai ƙara daɗin murya yake. Yaya yana dariya kamar yaro, yana bugun bolan, sitiyarin motar, da tafin hannu.

"Mamman! Ka ji ta? Kai, Allah ya yi maka albarka!"

Ni idona na kan allurar mai, ina karanta duk addu'ar da na sani. Muka isa Doso allura ba ta motsa ba. Muka sha ruwa moter na aiki, muka juyo, muka iso bakin Yamai lafiya. A nan zuciyata ta fara yi mini daɗin baki: ka gani, dalmar ta riƙe, tsoron banza ka yi. Har na karɓi goro daga hannun Mushe na ci.

Zagaye na biyu rana ta take. Ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, zafin moter yana dukan ƙafafunmu ta ƙasa. Mun wuce Kure kaɗan na ga allurar mai ta sauka kamar faɗin ƙwayar gero. Na ce ko idona ne. Ta ƙara sauka. Sannan na ji shi, can ƙasa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, siriri, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Yaya bai ji ba, iska ta cika masa kunne. Ni na ji, don shi nake saurare tun asuba. Da na ce tsaya a lokacin, da an tsaya, an buɗe moter a gaban Mushe, an ga dalma ta narke tana walƙiya a cikin mai. Na ga wannan duka a raina. Na ce bari mu kai wancan garin, can sai in ce a duba ruwa, in sami yadda zan yi. Ban san ko minti nawa na yi shiru ba. Na dai san na yi.

Ƙarar da ta biyo baya kamar an harba bindiga a cikin tukunya. Biyel ta tsinke ta fasa cikin moter ta fito, moter ya ƙame, ƙafafun baya suka daskare a kan man da ya malale. Motar ta juya gefe. Ina ganin Yaya yana kokawa da bolan, kuma na ga da idona ya karkata ta don ɓangarensa ya riga faɗawa ramin gefen hanya, ba nawa ba. Ta kife a kan hannunsa na dama. Ni na fito da ƙujewa a goshi.

Mutanen ƙauye suka taru aka ɗaga ta aka jawo shi. Yana kwance a ƙarƙashin wata adduwa, an ɗaure hannun da rawanin aminin Mushe, idonsa biyu. Mushe yana tsaye yana duban motar, yana duban mu.

"Me ya faru? Malam Mamman, kai ne a ciki. Me ya faru?"

Na ce, "Tun jiya na ce masa ya riƙa ragewa."

Ba kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta girma ba. Yaya ya juyo da kai ya dube ni, ya ce a hankali,

"Gaskiya ne, Mushe. Ya faɗa."

Da aka jawo motar garajina, ni na buɗe ta, ni kaɗai. Na kwashe abin da ya narke na kai kogi na zubar. Na gaya wa Mushe ba moter ɗin da zai jure irin wannan taku, ya kamata shofer ya san lokacin da zai ɗaga ƙafa ko da maigida bai ce ba. Mushe, wanda shi ya ba da umarnin, ya karɓi maganar da hannu biyu, don ta sauke masa nasa nauyin. Ya ɗauki ɗawainiyar likita, amma bai ƙara son ganin Yaya ba. Hannun bai yanke ba, sai dai ya shanye, yatsun suka lanƙwashe. Ran da aka dawo da shi gida Inna ba ta yi kuka a gabansa ba, kunyar ɗan fari ta hana. Ni ta jawo ta shafa ƙujewar goshina, ta ce,

"Da ma wancan tun yana ƙarami in ya sa kai ba ya jin kira. Ga shi ya so ya kashe mini kai."

Ba haka yake ba tun yana ƙarami, ita ma ta sani. Tsoro ne ya yi magana a bakinta. Amma maganar uwa ba ta faɗuwa ƙasa, daga ran nan ta zauna a gidan. Fati ta daina haɗa ido da mutane. Kafin shekara ta zagayo suka tashi suka koma hayin kogi, Lamorde, inda ya sami gadin wani gidan ɗalibai. Shekara ashirin da shida yana buɗe wa motocin wasu ƙofa da hannun hagu. Ni kuwa labari ya bazu cewa Mamman ya tada motar da ta shekara arba'in a mace har ta yi Doso da dawowa, shofer ne ya kashe ta. Manyan mutane suka riƙa kawo mini motocinsu. Gidan da kuka girma a ciki, da lakkol ɗin da kuka yi, daga nan suka fito.

Duk sallar da na haye gada na je gaishe shi, da maganar nake tafiya a baki, in dawo da ita. Na riƙa kai masa buhun shinkafa, yana sa mini albarka, albarkar tana ƙona ni. Wani lokaci in ce ai ya sani, shiru kawai ya yi don ya rufa mini asiri, wannan tunanin har sauƙi yake ba ni.

Bai sani ba. Da ciwonsa na ƙarshe ya yi tsanani, ɗiyarsa Mariyama ta zo ta ce yana kirana. Na iske shi da hantsi a kan tabarma a tsakar gida, ya rame har ƙashin fuska ya fito. Ya sa aka ba mu wuri. Ya kama hannuna da hagunsa.

"Mamman, akwai abin da ya daɗe yana cina. Wata bakwai ka yi a kan motar nan. Ba ka taɓa yin aiki kamarsa ba, ba za ka ƙara ba. Ka ce in rage, daɗin gudu ya ɗauke ni, na lalata maka shi a yini ɗaya, na kusa kashe ka. Ban taɓa iya buɗe baki in roƙe ka ba. Ka yafe mini."

Ga shi, ga ni, ba kowa. Saura kwana biyu ya rage masa a duniya, kuma kalma kaɗan za ta sauke masa kayan da ba nasa ba. Na dubi fuskarsa, na ji tsoron yadda za ta canza. Na ce,

"Na yafe, Yaya."

Ya ce alhamdu lillahi, ya saki hannuna, ya rufe ido kamar wanda aka sauke wa dutse.

Shi ya wuce inda ba zan iya roƙonsa ba sai ranar da za a tsayar da mu. Abin da ya rage a duniya sunansa ne, kuma ƴaƴansa ke ɗauke da shi. Na sa an buga wannan labari kofi biyu. Ɗaya naku. Ɗayan ba zan aika kowa da shi ba. Mariyama har yau Baba take ce mini, in na je ita ke shimfiɗa mini tabarmar ubanta. Jibi zan haye Lamorde in zauna a gabanta in karanta mata da bakina, tun daga batir ɗin kamiyo har zuwa na yafe. Ban san ko za ta bari in kai ƙarshe ba. Kada ɗayanku ya raka ni, kuma in ta kore ni, kada wanda ya je ba ta haƙuri.